Kafin Ka Kira Katafila

Da zarar an gama kaka, hunturu ya fara kaɗawa, akwai tambayar da ke yawo a bakin masu gona, musamman sababbin shiga: “Wa ya san inda ake ba da hayar katafila?” Masu tambayar iri-iri ne. Akwai ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a fili a bayan Keffi ko Kontagora. Akwai magadan da suka tuna da gonar kakansu bayan shekara da shekaru ba wanda ya leƙa ta. Akwai kuma waɗanda suka fi ba ni tausayi, mutanen Birnin Gwari da Zamfara da kudancin Katsina da Barno, waɗanda tashin hankali ya raba da gonakinsu, yanzu wasu na lallaɓawa suna komawa, su tarar sabara da geza da ƙaya sun rufe inda a da suke yanke dawa. Dukansu burinsu ɗaya, a wayi gari fili ya zama fetal a shiga da garma.

Ni a ganina an yi gaggawar wannan tambayar. Kafin mutum ya nemi abin da zai share masa daji, ya kamata ya fara sanin abin da dajin ya tara masa, da abin da bai kamata a taɓa ba. Wanda ya tsallake wannan, ko da wace hanya ya yi sharar, asara zai tafka, kuma katafila ce ta fi kowace hanya saurin kai shi ga asarar.

Iyayenmu da gangan suke barin gona ta yi saura. In ta gaji sai a ɗaga mata ƙafa shekara biyar ko goma, ganye ya zuba ya ruɓe, gara ta haƙa ta juya, saiwar itatuwa ta zurfafa ta jawo abincin ƙasa daga can ciki ta maido shi sama ta hanyar ganye. Abin da ke fitowa daga wannan hutun shi ne baƙar ƙasar nan mai laushi da ke saman gona, wadda a yawancin jigawar Arewa kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Ƙasarmu dama ba mai ƙiba ba ce. Masana ƙasa sun daɗe suna faɗin cewa ruɓaɓɓen abin da ke cikinta a wurare da dama bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma kusan dukansa a wannan ɗan saman yake. A ƙarƙashinsa sai jar ƙasa, sai tsakuwa, sai marmara. Wanda ya sayi gonar da ta yi daji, wannan taƙin guda shi ne abin da ya ba da kuɗinsa ya saya, ko ya sani ko bai sani ba.

To, katafilar da ake haya a garuruwanmu ta aikin hanya ce da gini. Bakinta an ƙera shi ne don ture ƙasa, direbanta kuma a wajen 'yan kwangila ya koyi aiki, inda ake yaba masa in ya kankare wuri tas har ya kai ga jar ƙasa. In ya shiga gona abin da ya iya zai yi. Zai sa baki a ƙasa ya tura itace da kututture da suri da baƙar ƙasar gaba ɗaya, ya jibge su a gefe tsibi-tsibi. Nauyin injin, tan 20 zuwa 40 gwargwadon girmansa, zai danne abin da ya rage har ruwa ya kasa shiga. Mai gona zai tsaya yana murna ya ga fili har iya ganinsa, bai san ya yi aikin wanda ya kwashe man da ke kan nono ya zubar ya riƙe tsala ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta irin wannan gona da damina ya ga shaida: masarar da ke jikin tsibin ta yi baƙi ƙirin ta fi mutum tsawo, ta tsakiyar fili kuwa ta yi rawaya ta tsugune. Ruwan farko mai ƙarfi zai bi sawun injin ya fara yanka, kafin damina uku an samu kwazazzabo, wani wurin kuma ya koma fako.

Wannan magana an auna ta a nan ƙasar. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, wani masanin ƙasa ɗan asalin Indiya, Rattan Lal, ya yi aiki daga 1970 zuwa 1987, kuma cikin ayyukansa har da share filaye maƙwabtan juna ta hanyoyi daban-daban a riƙa auna ruwan da ke gudu da ƙasar da yake kwashewa. Inda aka share da hannu aka shuka ba tare da kaftu ba, ƙasar da ruwa ya tafi da ita a hekta a shekara ba ta kai tan 1 ba. Inda aka tumɓuke itatuwa da inji aka tsefe saiwoyi sannan aka bi da garmar tarakta, ta kai wajen tan 20. Injin da aka sa wa wuƙa mai yanke itace daidai doron ƙasa ba tare da tono ba, ɓarnarsa ta tsaya tsaka-tsaki. Rattan Lal ɗin nan shi aka ba babbar kyautar abinci ta duniya a 2020. Gaskiya ne ƙasar Ibadan da ruwanta sun bambanta da na Funtuwa ko Azare, amma bambancin bai zame mana sauƙi ba, don tamu ƙasar ta fi tasu sirantaka, ga iskar bazara da ke kwashe duk abin da aka bari tsirara.

Tarihi ma ya riga ya gwada mana. A 1947 Turawan Ingila suka fara wani shiri a Tanganyika, Tanzaniya ta yau, da niyyar share miliyoyin eka su noma gyaɗa. A Kongwa har sarƙar jirgin ruwa suka ɗaura tsakanin katafila biyu suna jan daji. Saiwoyi suka kakkarya musu injuna, ƙasa ta yi tauri, ruwa ya ƙi, a 1951 aka rufe shirin bayan an narkar da fiye da fam miliyan 30. A nan gida, a 1949, aka buɗe ƙanin wannan shiri a Mokwa, a 1954 kamfanin da ke gudanar da shi ya tattara nasa ya nasa. Darasin Mokwa shi ne wanda ya fi shafar mai gonar yau: inji ya buɗe fili ya kafce, amma noman ciyawa ya rage a hannun mutum da fartanyarsa, kuma filin da aka ɗora wa kowane gida ya fi ƙarfinsa. Haka yake har gobe. Mutum ya share hekta 20 a sati guda alhali takin hekta 3 yake iya saye, 'yan ƙwadagon hekta 3 yake iya biya. Sauran 17 ya tuɓe musu riga ya bar wa rana da ruwa da tofa.

Wanda ba shi da kuɗin katafila kuwa, ashana ce abokiyarsa, kuma ba zan ce wuta ba ta da gurbi a sassabe ba. Tun kaka da kakanni ana tara ƙaya da ƙirare a ƙona, toka kuma tana da amfani, tana rage tsamin ƙasa tana ba ta wasu sinadaran. Amma ƙona tsibi daban, cinna wa fili gaba ɗaya daban. Wuta tana mayar da sinadarin naitirojin hayaƙi, wato abin nan da manomi ke bi ruwa a jallo yana saye a buhun yuriya. Tokar da ta bari, in an ƙona a tsakiyar hunturu, iska ce ke gadonta kafin ruwa ya sauka. Wutar ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, ita ce mai zafin da ke kashe ƙananan itatuwa ta gasa manya. Kuma wuta ba ta san iyaka ba. Kowace shekara sai an ji ta tsallaka ta cinye damin wani da bai kwashe ba, ko harawar da makiyayi ke dogaro da ita, daga nan sai gaban alƙali, wani lokacin ma abin ya wuce nan. Mutanen Gana ba su manta 1983 ba, shekarar da gobarar daji ta haɗu da fari ta cinye gonakin koko da na abinci, har gwamnati ta kafa dokar hana ƙona daji. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. In ya zama dole, a share layin tsaro kewaye da gona, a sanar da maƙwabta, a ƙona tsibi-tsibi da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, kuma kada a tafi sai ta mutu.

Maganin feshi ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu, har yaro ɗan shekara goma sha za ka gani da tanki a baya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, yana juya ruwan magani da hannu. Feshi ba ya share daji, ciyawa yake kashewa. Inda yake da rana shi ne gonar da tofa ta mamaye, don ƙarfin tofa a saiwarta yake a ƙarƙashin ƙasa. Ƙona ta ƙara mata kuzari yake yi, garmar tarakta kuma yayyanka saiwar take yi kowane guntu ya tsiro. Maganin gilifoset, wanda ke bin ganye ya gangara saiwa, yana karya ta in an fesa lokacin da take ɗanya shar. Shi kuwa farakwat ganye kawai yake ƙonawa, ga shi guba ce da ba ta da makari in ta shiga cikin mutum. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta shi, duk da haka a binciki kwalbar da ake saye a kasuwar ƙauye a ga abin da aka rubuta a jiki. Manoman kudancin Jamhuriyar Benin sun nuna wata hanyar: suna shuka mukuna, ɗan'uwan karara marar ƙaiƙayi, ya yaɗu ya rufe tofar ya hana ta rana, ya kuma bar taki a gona.

Sai masu gawayi, waɗanda za su zo da fara'a su ce, “Alhaji, ka bar mana, kyauta za mu share maka, itacen kawai muke so.” A yi hattara. Mai gawayi ba sabara yake nema ba. Ƙirya yake so da marke da kaɗanya, wato itatuwan da suka fi kowanne daraja a filin. Zai kwashe su ya bar maka ƙaya da kututture da ramukan da ya gasa ƙasarsu. Kaɗanya tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwararta, har a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ita ɗanya don a riƙa sarrafa ta a gida. Itacen da gwamnati ke tsara doka a kan 'ya'yansa, mu muna ba da shi a kan buhun gawayi. Matan ƙauye da ke tsintar ƙwara da ɗorawa su yi man kaɗe da daddawa, ba wanda ke tambayarsu ranar da ake shawarar shara, alhali su za su fara ji a jikinsu.

Hanyar da nake goyon baya ba daga nesa ta zo ba, daga Maraɗi ta zo, kuma Hausawa 'yan'uwanmu ne suka raya ta. Bayan farin shekarun 1970, gonakin kudancin Nijar sun zama fili tas. Malaman gona sun koya wa mutane cewa gona mai tsabta ita ce wadda ba itace, dokar gandun daji kuma ta sa itace mallakar gwamnati, don haka manomi ba ya ganin ribar barinsa. An yi ta dasa itatuwan gandu suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ana ƙonawa ba ciyayi ba ne, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a yanke sauran, a riƙa yi musu aski suna tashi. Tun da saiwar tsohuwa ce mai zurfi, tashinsu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba, ba ban ruwa, ba kuɗi, sai adda ko lauje. Mutanen wurin suka sa masa suna sassaben zamani.

Da farko an yi wa masu yin sa dariya. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, da rabon ya ƙare da yawa suka koma suka sare. Amma waɗanda suka bari sun ga iska ta daina binne musu shuka, sun daina maimaita shuka sau uku sau huɗu, matansu sun samu itacen girki a gona, dabbobi sun samu ganye da rani, ga na sayarwa in shekara ta yi wuya. Maƙwabci ya ga na maƙwabci. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye har kwamiti aka kafa na tsaron itatuwa, da mata da Fulani a ciki. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi a shekarun 2000, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, a 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa. Daga Maraɗi zuwa Jibiya ba wata tafiya ba ce, amma sai ka ga ɗan boko a Katsina bai taɓa jin labarin ba.

Abin lura a nan shi ne, su mutanen Maraɗi sai da suka rasa itatuwan sannan suka sha wahalar maido su. Mai gonar da ta yi daji a yau yana riƙe da abin da su suka yi shekara 20 suna nema. Nasa aikin ragewa ne kawai. Ya shiga gonar da ƙafarsa tun ganye bai gama zuba ba, tare da wani dattijon ƙauyen da ya san wurin, ya ce masa, “Baba, nuna mini abin da ke nan.” Dattijon zai nuna masa gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya tara dabbobi a inuwarsa su zuba taki. Zai nuna masa ɗorawa da tsamiya da kanya da aduwa da magarya da kuka. Zai nuna masa hanyar da ruwa ke bi, da inda yake kwanciya. Zai kuma nuna masa abin da ba ya cikin takardar ciniki: itacen da ke tsaye a matsayin iyaka tun zamanin kakanni, burtalin da shanu ke bi, tsohuwar maƙabarta, rijiyar da ta rufta. Rigimar gona nawa ce ta tashi don katafila ta ture kukar da kowa ya sani ita ce iyaka? A shafa wa duk itacen da za a bari fenti. A bar bakin rafi da gangare da rigarsu. Sannan a ɗauki iya abin da za a iya nomawa bana a sassabe da gatari da adda, manyan kututture a bar su su ruɓe ko a riƙa cire su kaɗan-kaɗan, baɗi a ƙara gaba. In akwai makiyaya a kusa kuma akwai fahimta, a bar shanu da awaki su fara shiga da rani, su rage ciyawa su bar taki, kamar yadda ake yi a da.

Na san abin da za a ce. Za a ce 'yan ƙwadago sun yi tsada, samari sun tafi birni ko haƙar zinariya, gayya ta mutu. Za a ce tarakta ba ta aiki cikin kututture, itace na tara tsuntsu, inuwa na hana masara. Wasu ma za su ce duhuwar daji maɓoyar ɓarayi ce, gara a buɗe. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ban raina wanda ya kwana da tsoro ba. Sai dai kuɗin ƙwadago sau ɗaya ake biya, kuma a ƙauyen yake zama, kuɗin takin da za a yi ta zubawa a gonar da aka kankare kuwa kowace shekara ne. Inuwa aski ke maganinta. Tarakta na wucewa sarai in an bar itatuwa a layi da tazara. Tsuntsun jan-baki kuwa daga nesa yake tasowa garke guda, gonar da ba itace ma ba ta tsira daga gare shi.

Ban ce a haramta katafila ba. Hanyar shiga gona, madatsar ruwa, daidaita fadamar shinkafa, duk aikinta ne. Wanda filinsa ya yi girman da babu makawa sai inji, to ya yi da sharaɗi. A shiga lokacin da ƙasa ta bushe don kada ta danne. A nemi baki mai yanka ko mai haƙora wanda ƙasa ke zubewa ta tsakaninsa, in babu a ɗaga bakin kada ya ci ƙasa. A jera tarkacen a gicciye da gangare don ya tare ruwa. A rufe filin da shuka a daminar farko. Kuma mai gona ya tsaya a wurin da kansa daga safe har yamma, don direban da aka bari shi kaɗai ba ya bambanta gawo da geza. A yankunan Barno da Yobe da aka yi faɗa, kada inji ko wuta ko gatari su shiga sai jami'an da ke kwance nakiya sun duba, don an sha rasa rayuka a kan abin da aka binne.

Gwamnatocinmu su ne suka fi buƙatar jin wannan. Tun daga hukumomin raya kogunan da aka kafa a 1976 zuwa hukumar NALDA da aka kafa a 1992, aka rushe, aka sake farfaɗo da ita a 2020, ma'aunin nasara bai sauya ba: hekta nawa aka share. A sauya ma'aunin ya zama buhu nawa filin ke bayarwa bayan shekara biyar, da itace nawa aka bari a tsaye. A rubuta wannan a cikin kwangilar shara, a hana ɗan kwangila cikon kuɗinsa in ya kankare ƙasa. Jihohin Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara su kwashi malaman gonarsu da manoma su kai su Maraɗi su gani da idonsu. Kai kuma mai gona, bana kafin ka biya kuɗin dizal, ka sayi gwangwanin fenti ɗaya ka nemi dattijon ƙauyen ku zaga gonar tukuna.